Mai Auna wa Kafaɗa Kaya

Ƙarfen da ya miƙo mini bai wuce kilo 1 ba. Ɗan dambel ne mai rufin roba, irin wanda da a gidan ɗaga ƙarfenmu na unguwa aka ajiye shi, da tuni yara sun mai da shi abin wasa. Na dube shi, na dubi mutumin. Ni da wata biyu kafin nan nake kwantawa a benci in tura kilo 90 sama, yau an ce in kwanta a gefe ɗaya, in matse naɗaɗɗen tawul a hammata, in riƙa ɗaga wannan ɗan abu daga cikina zuwa sama har sau 15.

"Likita, wasa dai kake yi ko?"

"Ɗaga tukuna, Malam. In ka kai sha biyar sai mu yi dariyar tare."

A na tara hannu ya fara rawa. A na sha ɗaya wani wuri can bayan kafaɗata, wanda ban taɓa sanin Allah Ya halicce ni da shi ba, ya ɗauki zafi kamar an aza garwashi. Ban kai sha biyar ba. Shi kuwa bai yi dariyar ba, ya dai ja katina ya rubuta wani abu.

Likitan fisiyo ne. Mutanenmu sun fi saninsu da masu gashin ƙashi, kuma sunan ya rage musu daraja ba kaɗan ba, domin da an ambace shi abin da ke zuwa a rai shi ne fitila mai zafi, da man shafawa, da tausa. Duk suna da su a ɗakin. Amma a wata biyar da na yi ina zirga-zirga wurinsa, bai kunna mini fitilar nan ya fi sau biyu ba. Abin da na ga yana yi, wanda har yau nake jinjina masa a kai, awo ne. Ya san kayan da kafaɗa mai rauni za ta iya ɗauka yau, wanda ya ɗara na jiya kaɗan, bai kuma kai na gobe ba. Ka ba ta ƙasa da haka ta sangarce ta sandare. Ka ba ta fiye ta kumbura ta koma gidan jiya. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata siririyar hanya, kuma hanyar tana matsawa kowane mako. Bin ta shi ne sana'ar.

Sai an san yadda aka gina kafaɗa za a gane dalilin da ya sa aikin ke da wuya. Gaɓar kwatangwalo kamar taɓarya ce a cikin turmi: kan ƙashin cinya ya nutse a rami mai zurfi, ƙashi ya riƙe ƙashi. Kafaɗa ba haka take ba. Ka ɗauki lemon zaƙi ka ɗora a kan murfin kwalba, to ka ga kafaɗa. Kan ƙashin damtse babba ne, gurbin da yake zaune a kai ɗan ƙarami ne marar zurfi, abin da ke taɓa gurbin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan rashin zurfi ne ya sa kake iya sosa gadon bayanka, ka wurga dutse, ka ɗora kaya a ka, ka kai hannu aljihun baya. Shi ne kuma ya sa a cikin manyan gaɓoɓin ɗan Adam babu wadda ta kai ta yawan gocewa.

To me ke riƙe da lemon? Akwai ɗan leɓe na guringuntsi da ya zagaye bakin gurbin ya ƙara masa zurfi kaɗan, akwai jaka mai laushi da ta lulluɓe gaɓar, sai kuma wasu ƙananan tsokoki guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin, ɗaya ta sama, biyu ta baya, ɗaya ta gaba. Ba a ganinsu a madubi. Ba wanda ya taɓa naɗe hannun riga don ya nuna su. Aikinsu shi ne duk lokacin da manyan tsokoki suka fizgi hannu, su su danne kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa kada ya zame. Wurin da ya kama mini da wuta a ƙidaya ta sha ɗaya, biyun bayan nan ne.

Shi kansa allon kafaɗar ba a kafe yake ba. Yawo yake a kan haƙarƙari, tsokoki 17 na manne da shi suna ja ta ko'ina, kuma ƙashi ɗaya tak ya haɗa shi da sauran ƙasusuwan jiki, wato siririn nan da ya taso daga gindin wuya zuwa saman kafaɗa. Idan ka ɗaga hannu sama tsaye, kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar a gaɓar ake yin ta, ragowar ɗaya allon ne ke juyawa ya cike. Masu bincike a Amurka sun auna wannan tun 1944. In allon ya yi nawa ko ya yi gaggawa, gaɓar ce ke biyan bashin.

Yanzu kawo wannan gini mai laushi gidan ɗaga ƙarfe irin namu. Sandar tsohon ƙarfen mota ce da mai walda ya gyara. Faifan kuwa wani haƙorin giya ne, wani siminti ne da aka zuba a bokitin fenti, an rubuta masa 20 da alli, amma ba wanda ya taɓa ɗora shi a sikeli. Sau da yawa hagu ta fi dama nauyi ba a sani ba. Litinin ranar ƙirji ce, Laraba ma ƙirji, Juma'a in an sauko daga masallaci ƙirji da ƙwanji. Baya kuwa sai wanda ya tuna. Ga samari sun kewaye ka, "Ƙara faifai!" "Saura ɗaya, namiji!" Wa zai sauke sanda a gaban wannan taro ya ce kafaɗarsa na masa wani iri?

Matsalar ita ce tsoka tana da jini, tana girma da wuri, cikin makonni ka ga canji. Farar jijiyar da ta ɗaure tsokar da ƙashi ba ta da jini sosai, watanni take ɗauka kafin ta ƙara ƙwari. Ƙarfin ɗagawa ya yi gaba, igiyar da ke riƙe da shi tana baya. Wanda ya haɗa da allurar ƙara tsoka kuwa ya ƙara faɗaɗa wannan rata da hannunsa, likitocin ƙashi sun daɗe suna ganin tsinkewar jijiya a cikin masu wannan harka.

Raunin da ke biyowa kala-kala ne, ko da yake duk "ciwon kafaɗa" muke ce musu. Mafi yawa shi ne irin nawa, jijiyar ƙananan tsokokin nan ta gaji ta fusata, zafin yana sauka gefen damtse, ya hana ka kwanciya a ɓangaren. Akwai wanda ke zama a can ƙololuwar kafaɗa, daidai inda ƙashin gindin wuya ya ƙare, mutum na iya ɗora yatsa ɗaya ya ce nan ne. Wannan bakin ƙashin ne ke zaizayewa saboda yawan matsi. A 1982 wani likita a Amurka, Bernard Cahill, ya ba da rahoton maza 46 masu wannan lalura ba tare da sun taɓa faɗuwa ko bugewa ba, 45 daga cikinsu masu ɗaga ƙarfe ne. Akwai kuma yagewar babbar tsokar ƙirji daga inda ta kama damtse. Wannan ba ta sallama: sanda na sauka ƙirji sai a ji wani ƙas, hannu ya saki, washegari damtse da gefen ƙirji sun yi baƙi da taruwar jini. Wanda aka fara rubuta labarinsa da wannan rauni ma ba ɗan wasa ba ne, yaron mahauci ne a Faransa a 1822, garin sauke nama daga ƙugiya. Yau benci ne ya gaji ƙugiyar. Sai gocewa ɗungurungum, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 ta gaba kan ƙashin ke fita, musamman in hannu na sama an banƙare shi baya, irin tsayuwar masu sauke sanda a bayan wuya.

Kowanne da hanyarsa, kuma maganin wani gubar wani ne. Saboda haka aikin farko shi ne rarrabewa, a nan ne kuma na fara ganin gwaninta.

Ranar farko likitan ya ce in cire riga. Na ɗauka shiri ne kawai kafin a fara duba ni, ashe dubawar ta riga ta fara. Yana kallon wane hannu na fara zarewa, inda na yamutsa fuska, yadda na karkata wuya don in kauce wa ɗaga damtse. Sannan tambayoyi, kamar na alƙali. Yaushe ya fara? Rana ɗaya ya zo ko a hankali? Ka ji ƙara? Me ka canza a atisaye kafin ya fara? Na ce ban canza komai ba. Ya yi shiru yana kallona. Can na tuna ashe bayan azumi na koma kai tsaye kan nauyin da na bari kafin Ramadan, wata guda ban taɓa ƙarfe ba, har na ƙara kwana ɗaya a mako don in rama. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa labarin da ya riga ya sani.

Ya fara da wuyana, ba kafaɗa ba. Ya sa na juya, na sunkuya, ya ɗan danna kaina gefe. Jijiyar laka da ta matsu a wuya tana iya aiko da zafi kafaɗa, mutum ya shekara yana shafa magani inda ba nan gizo ke saƙa ba. Da ya tabbata wuya lafiya, sai ya koma bayana ya ce in ɗaga hannu ta gefe a hankali. Daga ƙasa babu komai. Da hannun ya doshi daidai kafaɗa sai zafi ya soke ni, da ya wuce can sama kuma ya lafa. Ya ce in saki jiki, shi ya ɗaga mini hannun da kansa, ya tafi sumul har sama. Daga baya ya bayyana mini amfanin wannan: in kai ka kasa ɗagawa, shi ma ya kasa ɗaga maka, to gaɓar ce ta sandare, abin da ake yawan gani a masu ciwon sukari. In shi ya iya kai ka kasa, to matsalar tana ga tsoka da jijiya. Ya sa na tura hannunsa waje, na tura ciki, yana gwada hagu da dama. Ya kai hannuna kan ɗaya kafaɗar ya danna, ya tambaya ko ƙololuwar ta yi zafi. Ba ta yi ba.

Sai ya yi wani abu da ya ba ni mamaki. Ya ɗora tafinsa a kan allon kafaɗata, ya ce in sake ɗagawa, yana taya allon juyawa da ɗan turi kaɗan. Zafin ya ragu da fiye da rabi nan take. Na waiga na dube shi.

"Ba sihiri ba ne," in ji shi. "Kafaɗarka ce ta gaya mana abin da take so. Abin da hannuna ya yi yanzu, shi za mu koya wa tsokarka ta riƙa yi da kanta."

Ya kuma san inda iyakarsa take, wanda a ganina rabin gwaninta ne. Akwai kafaɗun da ba ya taɓawa. Wanda ya ji ƙas a benci ƙirji ya yi baƙi, likitan tiyata zai tura shi a ranar, domin ɗinkin tsokar ƙirji ya fi kyau a makonnin farko kafin ta janye ta ƙanƙance. Haka wanda ya faɗi, daga nan hannu ya ƙi ɗaguwa sam. Haka kafaɗar da ta kumbura da zazzaɓi. Dattijon da ya zo da ciwon kafaɗar hagu haɗe da nauyin ƙirji da gumi kuwa, wannan ba maganar motsa jiki ba ce, maganar zuciya ce, a garzaya da shi.

Ni dai na zo da niyyar a tura ni hoton MRI, har na tanadi kuɗin. Ya ce ba yanzu ba. Raina bai so ba, gani nake ana mini rowar ilimi. Amma hujjarsa mai ƙarfi ce. A 1995 an ɗauki hoton kafaɗun mutum 96 da ba sa jin ciwon komai, aka samu kashi 34 cikin 100 suna da yagewa a jijiyoyin nan, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa fiye da rabi. Suna ta harkokinsu ba su sani ba. Wato hoto na iya nuna maka yagewar da ta shekara goma tana zaune lafiya, a ɗora mata laifin ciwon da ya fara watan jiya. Mutumin da aka ce masa "jijiyarka ta yage" kuma, daga ranar ya fara riƙe hannunsa kamar ƙwai, tsoro ya gama abin da ciwo ya fara. Hoto na da ranarsa, in ana tunanin tiyata ko an yi wata uku ana aiki babu ci gaba. Kafin nan, a bar kaza cikin gashinta.

Wannan ra'ayi bai daɗe da samun gindin zama ba. A 1972 wani babban likitan kafaɗa a New York, Charles Neer, ya bayyana cewa ƙashin da ya yi rumfa a saman gaɓar ne ke gugar jijiyar da ke ƙarƙashinsa, ya kuma kawo tiyatar kankare ƙashin don a buɗa wuri. Bayanin ya shiga hankali, tiyatar ta bazu a duniya, aka yi wa dubban mutane. Sai a 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji da masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta a kan mutum 313. Wasu an kankare musu ƙashin, wasu an sa musu na'urar leƙe a gaɓar kawai aka fito ba a kankare komai ba, wasu ba a yi musu tiyata ba. Tsakanin waɗanda aka kankare da waɗanda aka leƙa kawai babu wani bambanci. Wani gwajin a ƙasar Finland a shekarar ya zo da irin wannan sakamako. Tun daga nan nauyin wannan ciwo ya ƙara komawa kan motsa jiki.

Akwai kuma wani gwaji da ya kamata masu son kambama fisiyo irina su haɗiye, ko da ɗaci. A 2021, a Birtaniya, an gwada mutum 708: wasu sun yi zama har shida da likitan fisiyo, wasu zama ɗaya tak aka yi musu bayani mai kyau aka ba su atisayen gida. Bayan shekara guda duk kanwar ja ce. Allurar kashe kumburi kuma ta ba da sauƙi a makonni takwas na farko, daga nan amfaninta ya bi ruwa. Da na fara jin wannan na ɗan yi sanyi. Daga baya na ga ai abin da na gani da idona ya tabbatar: maganin ba a tafin hannun likitan yake ba, a abin da ya iya dasawa a kanka yake, ka tafi gida ka yi. Gwani shi ne wanda zai iya mai da kai mai auna wa kanka kaya. Sai dai mu masu ɗaga ƙarfe muna da taurin kai na musamman, zama ɗaya ba ya isar mu, zan zo kan wannan.

Ga ma'aunin da likitan nawa ya ba ni. Ka ɗauki zafi daga sifili zuwa goma. In kana atisaye ya tsaya a uku ko huɗu, ci gaba, jijiya ba ta ƙwari sai an ɗora mata kaya. Amma alƙali na gaskiya shi ne washegari da safe. In ka tashi kafaɗa tana yadda take jiya, awon ya yi daidai. In ta fi jiya ciwo, ko ta tashe ka cikin dare, ka zarce, rage. Bai taɓa ce mini in daina zuwa gidan ƙarfe ba, kuma wannan dabara ce, don ya san in ya hana ni gaba ɗaya zan yi masa ƙarya. Ya ce ƙafa taka ce, ciki naka ne, ja ta baya ma ka yi. Benci da ɗagawa sama da kai ne kawai aka jingine.

Makonnin farko abin kunya ne a ido. In tsaya jikin bango, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, in tura bangon da bayan hannu na daƙiƙa talatin ba tare da komai ya motsa ba. In sunkuya in saki hannu yana lilo kamar guga a bakin rijiya, motsin da ake jingina wa Ernest Codman na Boston, wanda littafinsa a kan kafaɗa ya fito a 1934, har yau kuma ana ba da shi ga kafaɗar da ba ta son a taɓa ta. Sai igiyar roba da na ɗaura a ƙarfen taga. Uwargida ta leƙo ta ga ƙato yana kokawa da roba yana nishi, ta koma ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Sai dambel ɗin nan mai kilo 1, ya zama 2, ya zama 3. Sai turin bango, sai turin tebur, sai turin ƙasa. Kowane mataki yana da sharaɗin da za a cika kafin a wuce shi, ba kwanan wata ba.

A mako na biyar na ji garau. Na biya gidan ƙarfe da yamma, samari suka yi ta kirari, na ce bari in ɗan gwada 60 kawai, ai ba komai ba ne. Sau shida na tura. Daren nan a zaune na kwana.

Da na je wurinsa ban ce uffan ba. Ya ce in cire riga. Kafin in gama zare hannu ya ce, "Kilo nawa?"

Na faɗa masa. Na shirya jin faɗa, bai yi ba. Ya sake gwada ƙarfin hannun, ya ga bai ragu ba, ya ce babu abin da ya yage, jijiyar ce ta yi fushi, za ta huce cikin kwanaki. Bai mai da ni farko ba, mataki ɗaya ya ja ni baya. Sannan ya ce ai mun ƙaru, yanzu mun san 60 ta yi yawa a mako na biyar. Na lura da yadda ya mai da wautata ma'auni. Da ya tsorata ni a ranar, da wataƙila ban sake kwanciya a benci ba, ko kuma ban sake komawa wurinsa ba.

Dole a yi maganar maɗori, domin a garuruwanmu in kafaɗa ta goce shi ake fara tunawa, kuma ba a banza ba. Mai da ƙashi gurbinsa tsohuwar fasaha ce, tun zamanin Hippocrates na Girka ake sa diddige a hammata a ja hannu, kuma akwai gidajen ɗori da suka gaji hannu mai kyau. Amma abu biyu ne hannu ba ya gani. Wani lokaci gocewar tana zuwa da karaya a kan ƙashin, jan ƙarfi kuma ya mai da ƙaramar ɓarna babba, shi ya sa a asibiti ake ɗaukar hoton ƙashi tukuna. Akwai kuma jijiyar laka da ta zagaya wuyan ƙashin damtse, wadda ake gwadawa ta hanyar taɓa fatar gefen kafaɗa a ji ko ta mutu. Sannan ko an mayar lafiya, tsugune ba ta ƙare ba. Leɓen guringuntsin nan yakan ɓalle a gocewar farko, kuma a saurayi ɗan ƙasa da shekara 20 sake gocewa ya fi rashinsa yawa. Mayarwa aikin minti kaɗan ne. Hana ta sake fita aikin watanni ne, wani lokaci ma sai an haɗa da tiyata, kuma wannan dogon aikin shi ne ba kowa ke da haƙurinsa ba. Wanda aka ɗinke wa jijiya ma haka: mako huɗu zuwa shida hannu na rataye, sai wajen wata uku a fara ɗora masa nauyi, ƙarfe na sosai kuwa sai an wuce wata shida. Likitan tiyata ya yi nasa cikin awa biyu ya wanke hannu, ragowar rabin shekarar na fisiyo ne.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ta shigo ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966, yau ana karanta ta a Jami'ar Bayero, ga kuma sashenta a Asibitin Ƙashi na Dala. Abin da ya rage shi ne mu daina zuwa musu sai bayan mun gama zagaye, an sha ƙwayoyin kashe zafi na wata shida, an yi ƙaho, an shafa duk man da ke kasuwa.

Ina kan wannan jinya ne na fara kallon 'yan wasanmu naƙasassu masu ɗaga ƙarfe da wani ido daban. Wasansu benci ne kawai, ɗagawar da ta fi kowace cin kafaɗa. A gasar Rio ta 2016 zinare 8 Najeriya ta samo, 6 daga wannan benci suka fito. A Paris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, abin da ba macen da ta taɓa yi a ajinta kafin nan. Da yawansu da sun sauka daga bencin, da wannan kafaɗar za su tura keke ko su dogara sanda su koma gida. Ni da tawa ta yi ciwo na huta da ita na yi tafiya da ƙafa. Su ba su da wannan hutu. Duk wanda ke auna wa irin waɗannan kafaɗu kaya shekara da shekaru, ya san aikinsa.

Komawata benci a ƙasa ta fara. Likitan ya sa na kwanta a daɓe da dambel biyu, yadda gwiwar hannu za ta taɓa ƙasa ta tsaya kafin kafaɗa ta banƙare. Bayan mako biyu aka hau benci da sanda tsirara, kilo 20, ba faifai ko ɗaya. Ya matso da hannayena ciki, kusan faɗin kafaɗa da ɗan ƙari, ba irin buɗewar da muke yi don a ga ƙirji ba. Ya ce in tattara allunan kafaɗata baya in danne su a bencin kamar ina so in riƙe takarda a tsakaninsu, gwiwoyin hannu kuma su ɗan rusuna wajen haƙarƙari, kada su baje kamar fikafikan ungulu. Saukewa a hankali, ba a buga sanda a ƙirji ta yi tsalle. Duk turi ɗaya, ja ɗaya ko biyu ta baya. Sanda a bayan wuya kuwa ya ce in manta da ita, babu abin da take bayarwa da ba a samu ta gaba. Ƙari kuma kaɗan-kaɗan, mako-mako in safiya ta yarda. Sai da na ɗauki faifan simintinmu biyu na kai wurin mai sayar da hatsi aka ɗora a sikeli, ɗaya ya ba da 19, ɗaya 22.

A wata na biyar na kai 70. Na sa wani yaro ya ɗauke ni a waya daga wajen ƙafafu, yadda ya ce a riƙa yi, na kai masa ina jiran yabo. Ya kalla sau ɗaya, ya mayar baya, ya sake kallo. Ya tsayar da hoton ya juyo mini da wayar, ya sa farce a kan gwiwar hannuna ta dama.

"Duba nan, Malam. Biyar na farko lafiya lau. A na shida wannan ta fara buɗewa, kafaɗar ta taso daga benci. Ka ji wani abu a lokacin?"

Na ce ban ji komai ba.

"To madalla. Wannan makon ka tsaya a biyar."